Ina Aka Kwana Kan Man Rake Na Kupto?

Tun ranar 29 ga watan Mayu na 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, babu wani gida a ƙasar nan, na mai hali ko na talaka, wanda bai ji abin a jikinsa ba. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta kai Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura Naira 1,000 a gidajen mai da yawa na Arewa. A irin wannan hali ne mutum kan tuna da tsohon bashi, kuma cikin basussukan da ya kamata mutanen Jihar Gombe su tuna da su akwai wani alkawari da aka yi musu kusan shekara 20 ke nan, watau na kafa babbar gonar rake da matatar da za ta mai da ruwan raken nan man mota a Kupto, cikin Ƙaramar Hukumar Funakaye, a bakin kogin Gongola.

Ga wanda bai san asalin maganar ba, ga yadda ta faro. A cikin 2005, zamanin mulkin Cif Olusegun Obasanjo, Gwamnatin Tarayya ta umurci Kamfanin Mai na Ƙasa, watau NNPC, da ya buɗe wani sashe na musamman domin samar da mai daga amfanin gona. Sashen ya zaɓi wurare a jihohi dabam dabam: rogo a Ondo da Anambra, kwakwar manja a Kuros Riba, rake kuwa a Binuwai da Gombe. Rabon Gombe shi ne Kupto, inda aka tsara noma kimanin kadada 20,000 ta rake, a kafa masana'antar da za ta fid da sukari da man mota, sa'an nan ta ƙona tuƙar raken ta samar da wutar lantarki. Irin wannan masana'anta ita ce masana ke kira matatar tsirrai, domin kamar yadda matatar mai ke karɓar ɗanyen mai ta rarraba shi zuwa fetur da kananzir da kwalta, haka ita ma wannan za ta karɓi kara guda ta fid da abubuwa uku ko huɗu daga cikinsa, ba ta zubar da kome.

Man da ake nufi sunansa itanol. Ana samunsa ne idan aka zuba yis cikin ruwan rake aka bar shi ya yi tsami, sa'an nan a dafa a tace tururinsa har ya zama tsantsa. Mai karatu zai ce ai wannan ita ce hanyar da ake yin barasa, kuma ya yi gaskiya. Dangin sifirit ɗin nan ne da ake goge wurin allura da shi a asibiti, kuma kafin ya bar masana'anta ana gauraya shi da ɗan fetur domin kada ya shawu. Tan guda na rake mai kyau yana ba da lita 70 zuwa 80. Idan aka zuba kashi 10 cikin 100 na wannan mai a cikin fetur, yawancin motocin da ke kan titi za su sha ba tare da an taɓa injinsu ba.

A cikin 2007 Gwamnatin Tarayya ta fito da cikakkiyar manufarta game da wannan sha'ani, ta buga ta a gazet. Takardar ta yi lissafin cewa ƙasar nan za ta buƙaci lita biliyan 1.3 na itanol a shekara domin gaurayawa da fetur, adadin da aka ce zai kai biliyan 2 a 2020, kuma aka ɗauki alwashin cewa kafin 2020 ɗin duk abin da ake bukata a gida za a riƙa yinsa. An yi wa masu zuba jari alkawarin sauƙin haraji da na kuɗin fito na shekara 10. A 2017 da 2018, lokacin da marigayi Dakta Maikanti Baru ke shugabancin NNPC, an sake tayar da maganar, aka sa hannu a kan yarjejeniyoyi da gwamnatocin wasu jihohi, ciki har da Kebbi da Ondo. Shekarar 2020 ta zo ta wuce. Wanda ya bi hanyar Bajoga a yau zai ga kamfanin siminti na Ashaka yana aiki, amma ba zai ga matatar rake a Kupto ba, haka nan direban da ya tsaya shan mai a Gombe ba a zuba masa man rake ko ɗigo.

Dalilan da akan bayar sanannu ne: canjin gwamnati, da rashin masu zuba jari, da kuma tallafin fetur wanda ya sa man ya yi arahar da babu wani sabon mai da zai iya gogayya da shi. Duk waɗannan gaskiya ne. Amma akwai wani dalili da ba a cika ambatonsa ba, yana nan kwance cikin ita kanta takardar 2007, a sashen da ya yi maganar bincike. Takardar ta ce za a kafa hukumar kula da man tsirrai, da wata cibiya da za ta haɗa kan masu bincike na ƙasa baki ɗaya, da kuma asusun da zai ɗauki nauyin binciken. To, daga ina kuɗin asusun za su fito? Aka ce kowane kamfanin man tsirrai zai zuba kwabo 25 daga cikin kowace Naira 100 da ya samu, ita kuma gwamnati ta ƙara abin da bai wuce jimlar abin da kamfanonin suka zuba ba. Aka kuma ambaci Asusun Raya Fasahar Man Fetur, watau PTDF, cewa shi ma zai taimaka.

Sai mai karatu ya tsaya ya duba wannan tsari da kyau. Kamfanoni ba za su zo ba sai an yi binciken da zai nuna musu cewa abin zai biya. Binciken ba zai sami kuɗi ba sai kamfanonin sun zo sun fara ciniki. Gwamnati kuwa ta ɗaura nata kason a jikin na kamfanonin, watau in ba su ba da kome ba ita ma ba a binta kome. An ce wa maraƙi ya jira nono har sai ya girma ya haihu. Hukumar da cibiyar da aka ambata ba su taɓa tsayawa da ƙafafunsu ba, kuma da wuya a ga laifin wani ɗan kasuwa da ya ƙi zuba ɗaruruwan miliyoyin dala a wurin da babu mai iya gaya masa, da shaidar gwajin shekaru, ko tan nawa kadada guda za ta bayar.

Domin kuwa tambayoyin da ke kan Kupto ba ƙanana ba ne, kuma babu wadda za a amsa daga ofis a Abuja. Ta farko ita ce ta iri. Raken da ake sha a kasuwa, mai taushi da yawan ruwa, dabam yake da raken masana'anta, wanda siriri ne mai tauri da yawan sukari. Wane iri ne zai jure zafin bazara na kwarin Gongola da bushewar hunturu, ya kuma tsira daga cutar nan mai kama da burtuntuna wadda ke baƙanta kan rake? Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja ita ce aka ɗora wa alhakin binciken rake, amma fid da sabon iri guda, daga haɗa aure tsakanin tsirrai har zuwa miƙa shi ga manomi, yana cin shekara 10 zuwa 12. Wa'adin gwamna biyu ma bai kai haka ba, shi ya sa aikin ba ya burge 'yan siyasa.

Ta biyu, wadda ta fi nauyi, ita ce ta ruwa. Rake shuka ce mai ƙishirwa. Yana bukatar ruwa milimita 1,500 zuwa 2,500 kafin a sare shi, alhali ruwan saman da ke sauka a wannan yanki a shekara bai cika kaiwa milimita 1,000 ba. Ragowar dole ta fito daga Gongola. Idan aka ɗauka giɓin milimita 1,000 ne kawai, to, kadada 20,000 za ta sha ruwa kubik mita miliyan 200 kowace shekara, ban da wanda zai ɓace a magudanai. Kupto kuwa tana sama da madatsar ruwa ta Dadin Kowa, mai ɗaukar kubik mita biliyan 2.8. Daga wannan madatsa garin Gombe ke shan ruwan famfo, daga nan injinan lantarki masu megawat 40 ke juyawa, daga nan manoman rani ke ban ruwa, sa'an nan abin da ya wuce ya gangara madatsar Kiri, inda gonar raken kamfanin sukari na Numan ke jiransa. A shekarar da damina ta yi kyau kowa zai samu. A shekarar fari irin ta 1973 ko ta 1984 fa, wa za a hana? Ga kuma ƙazamin ruwan da matata ke fitarwa, wanda ya kai lita 10 ko fiye a kan kowace litar itanol. Idan aka san yadda za a yi da shi taki ne mai kyau, idan ba a sani ba kuwa guba ce ga kifin Gongola da masu shan ruwansa.

Maganar ƙasa ba sai an tsawaita ba. Kadada 20,000 murabba'in kilomita 200 ke nan, kuma in aka ƙaddara kowane magidanci yana noma kadada biyu, gonakin mutum 10,000 ake magana, ban da burtali da mashayar dabbobi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓa, amma ba ta gaya masa inda mutanen za su koma ba.

Akwai masu cewa a bar rake, a koma ga ragowar amfanin gona, tun da Gombe ƙasar dawa ce da masara da auduga da gyaɗa da shinkafa, kuma bayan girbi ga karan dawa, ga totuwar masara, ga ɓawon gyaɗa, ga ɓuntun shinkafa jibge a bayan injinan casa. A takardun da ake karantawa a tarurruka akan kira waɗannan abubuwa shara, a auna su da miliyoyin tan, a ce dukiya ce ake zubarwa. Wanda ya rubuta haka bai taɓa ganin yadda ake cinikin harawa a watan Maris ba. A ƙauyen Arewa kara ba shara ba ne: da shi ake danni, da shi ake rufin rumfa, da shi ake dafa tuwo, karmaminsa kuma abincin shanu ne, kuma a kan wannan ragowar gonar ce manomi da makiyayi suka sha yin faɗa har da zub da jini. Abin da ya rage a gona shi ke ruɓewa ya riƙe ƙasa. Saboda haka kafin wani ya gina matata bisa lissafin kara, wajibi ne a sami waɗanda za su bi ƙauyuka da ma'auni, damina uku ko huɗu a jere, su gano nawa ne ke raguwa da gaske bayan mutum da dabba da ƙasa sun ɗauki nasu, da kuma nawa za a kashe a ɗauko shi zuwa bakin masana'anta, domin kara abu ne mai cika mota ba nauyi.

Sa'an nan ga takanɗa, wadda kowane yaron ƙauye ya san zaƙinta. Tana nuna cikin wata huɗu, ruwan da take sha bai kai rabin na rake ba, tana ba da hatsi a kai, da ruwan zaƙi a kara, da tuƙa ga dabbobi. Cibiyar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta ICRISAT, wadda ke da reshe a Kano, ta yi gwajin fid da itanol daga takanɗa a Indiya, aka ga abin yana yiwuwa, aka kuma ga aibinsa, watau zaƙin yana lalacewa cikin kwana ɗaya ko biyu bayan sara, lokacin girbin kuma gajere ne, har masana'anta ta zauna yawancin shekara babu aiki. Ko za a iya jera iri masu nuna a lokuta dabam dabam, ko a dafa ruwan ya yi kauri a ajiye kamar yadda masu mazarƙwaila ke yi? Wannan tambaya ce da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda dawa ke cikin aikinta, za ta iya amsawa tare da Kwalejin Noman Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa, in an ba su fili da kuɗin shekara biyar.

Ƙasar da kowa ke misali da ita a wannan fage ita ce Birazil, amma akan ba da labarin daga tsakiya. Gaskiya ne a cikin Nuwamba na 1975, bayan tashin farashin mai na 1973, gwamnatin sojan ƙasar ta ƙaddamar da shirin man rake, kuma a 1979 aka fito da motar farko mai shan itanol zalla. Abin da ba a faɗa shi ne tun kafin wannan rana akwai cibiyar binciken noma a Kamfinas wadda aka kafa a 1887, akwai shirin gwamnati na kyautata irin rake tun 1971, akwai kuma hukumar binciken noma ta ƙasa, Embrapa, tun 1973. Da aka fara, kadada guda tana ba da kimanin lita 2,000; bayan shekara 30 tana ba da kusan 6,000. Bincike ne ya ninka ta sau uku, kuma shi ya sa da shirin ya shiga wahala a ƙarshen shekarun 1980, man ya yanke a gidajen mai, gwamnati ta janye tallafi, bai mutu ba. A 2003 aka fito da motoci masu shan kowane daga cikin man biyu, a 2025 kuma ƙasar ta ɗaga gaurayen itanol a cikin fetur zuwa kashi 30 cikin 100. Yawancin ɗanyen sukarin da ake tacewa a Ikko daga can ake sayo shi.

Wani abu a labarin Birazil ya fi shafar Gombe kai tsaye, domin aikin jiha ne. Jihar Sawo Fawulo, wadda ita ce cibiyar noman rake, ta rubuta a cikin tsarin mulkinta cewa wani kaso na harajin da ta tara zai tafi asusun bincike kowace shekara. Asusun ya fara aiki a 1962 da rabin kashi ɗaya cikin 100, a 1989 aka mai da shi kashi ɗaya cur. Gwamna ya zo, gwamna ya tafi, kuɗin suna shiga, kuma malamin da ya fara gwaji ya san zai gama.

Ba kowane kuɗin bincike ne ke haihuwa ba, wannan ma ya kamata a faɗa. Amurka ta kashe dala miliyoyi masu yawa wajen neman hanyar narkar da kara da totuwa su zama itanol, abin da ya fi na rake wuya ƙwarai, tun da sukarin da ke cikin kara a ɗaure yake, sai an sa zafi da sinadarai masu tsada kafin ya saku. An buɗe manyan matatu uku a jihohin Ayowa da Kansas a 2014 da 2015, amma cikin 'yan shekaru duk sun daina wannan aiki, ƙasa da tsakuwa da ke biyo kara suna cinye injuna, kuɗin da ake kashewa kuma ya fi na sayarwa. Indiya ta buɗe tata matatar a Fanifat a cikin Agusta na 2022 domin karan shinkafa, ita ma ta sha fama kafin ta daidaita. A nan Afirka an ga yadda guguwar bini-da-zugu ta taso wajen 2007, aka ce zai yi 'ya'ya a kan fako ba ruwa ba taki, kamfanoni suka karɓi dubban kadada a Tanzaniya da Mozambik da Gana, bayan 'yan shekaru suka watse suka bar manoma ba gona ba aiki, saboda babu wanda ya tsaya ya gwada shukar tukuna. A gefe guda kuwa ga Malawi, ƙaramar ƙasa matalauciya, wadda tun 1982 take gauraya fetur da itanol ɗin da take samu daga baƙin ruwan da ke ragewa bayan an fid da sukari. Ba ta ƙwace gonar kowa domin wannan ba, abin da masana'antar sukarinta ke zubarwa ta tsince.

Nijeriya ba ta rasa masana ba. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tun shekarun 1980 take gina rijiyoyin da ke fid da iskar girki daga kashin shanu, tana kuma ƙera murhu mai cin itace kaɗan. A Basawa ta Zariya akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa. A Gombe kanta akwai Jami'ar Jiha tun 2004, da Jami'ar Tarayya ta Kashere tun 2011. Duk wanda ya shiga ɗakin karatu na sashen kimiyyar sinadarai a kowace jami'ar Arewa zai tarar da kundaye jere a kan kanta, wannan ya fid da man dizal daga 'ya'yan darbejiya, wancan daga angurya, wani daga aduwa, kowanne ya sami rabin kwalba ya auna ya rubuta ya karɓi digirinsa. Tsakanin rabin kwalba da tankar mota akwai wani mataki da ake kira matatar gwaji, ƙaramar masana'anta mai yin lita ɗari ko dubu a rana, inda ake gane ainihin kuɗin da lita za ta ci da irin lalacewar da injin zai yi. Wannan matakin ya fi ƙarfin aljihun malami, bai kuma kai abin da ɗan kasuwa zai kula da shi ba, saboda haka a ko'ina cikin duniya gwamnati ce ke biyansa. A nan ne kundayen ke mutuwa.

Kuɗin da ake bayarwa kuwa sai a yi shiru. Ƙasashen Afirka sun yi alkawari tun 2007 cewa kowace za ta kashe kashi ɗaya cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara a kan bincike. Alƙaluman da aka tattara game da Nijeriya ba su taɓa kaiwa rabin haka ba, alhali Birazil ta wuce kashi ɗaya. Asusun bincike na ƙasa da ke ƙarƙashin TETFund ya kai Naira biliyan 8.5 a 2021, amma wannan na dukan jami'o'i ne da dukan fannoni, daga likitanci har tarihi, kuma akan ba da shi na shekara biyu, lokacin da bai isa a sare rake sau uku ba. A kwatanta wannan da gatan da aka yi wa neman ɗanyen mai. Dokar man fetur ta 2021 ta keɓe kashi 30 cikin 100 na wata ribar NNPC domin haƙa a sababbin wurare, kuma a cikin Nuwamba na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo da kansa Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe, ya ƙaddamar da aikin rijiyoyin da aka ce suna ɗauke da gangar mai fiye da biliyan ɗaya. Babu mai ƙin Kolmani. Abin lura kawai shi ne man da ke ƙarƙashin ƙasa an rubuta masa kuɗin nema cikin doka, wanda zai tsiro a bisanta kuwa an bar shi da alkawari.

A unguwar GRA ta garin Gombe, inda manyan ma'aikata da 'yan majalisa da 'yan kwangila suke zaune, da zarar an ɗauke wuta sai ƙarar janareto ta gauraye unguwar, kowane gida yana ƙona fetur ko dizal da aka ɗauko daga ɗaruruwan kilomita. A bayan yawancin gidajen nan kuma, tun da gas ɗin girki ya yi tsada, akwai buhun gawayi a jingine, wanda aka sare itacensa daga dazuzzukan da gwamnatin jihar ke kashe kuɗi tana dasawa tun 2019 a ƙarƙashin shirinta na shuka bishiyoyi. Mutanen da ke kwana a waɗannan gidaje su ne ke rubuta kasafin kuɗin jihar, su ne ke zartar da shi. Ba su da ikon gina matatar dala miliyan ɗari, ba kuma wanda ya ce su gina. Amma suna da ikon yin abin da Sawo Fawulo ta yi daidai ƙarfinsu, watau doka guda wadda za ta keɓe ɗan kaso na harajin cikin gida domin bincike, a sa shi inda canjin gwamnati ba zai taɓa shi ba, a kuma wajabta wa duk wanda ya karɓa ya buga sakamakon aikinsa, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.

Da irin wannan kuɗi za a iya buɗe gonar gwaji ta kadada 20 a Dadin Kowa, a jera irin rake da na takanɗa, a auna ruwan da kowanne ya sha. Za a iya kafa injin matse ɓuntun shinkafa ya zama curin gawayi kusa da masu casa, a ga ko matan gari za su yarda su yi girki da shi, da kuma nawa za su iya biya, domin mai yiwuwa ne amfanin farko da jihar za ta samu daga wannan fanni a murhu yake, tankin mota ya biyo baya. Za a iya zama da Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, mai kula da madatsar, a yi lissafin ruwan Gongola a fili kowa ya gani. In sakamakon ya nuna rake zai biya a Kupto, masu jari za su zo da ƙafarsu, tun da yanzu babu tallafin da zai karya musu farashi. In ya nuna ba zai biya ba, an tsirar da gonakin dubban mutane da kuɗin da bai kai na gina kilomita kaɗan na titi ba.

Akwai ma abin da ba ya bukatar ko kwabo. NNPC ya sha faɗa cewa ya gudanar da binciken yiwuwar waɗannan ayyuka kafin ya zaɓi wurarensu, kuma da kuɗin jama'a aka yi shi, tun kamfanin bai zama mai zaman kansa ba a 2022. Ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Funakaye, da sanatan Gombe ta Arewa, suna da damar rubuta wa kamfanin su nemi rahoton Kupto, da taswirar ƙasar da aka auna, da sakamakon gwajin ruwa da na turɓaya, a kawo kwafi a ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Jihar Gombe, wani kuma a sakatariyar ƙaramar hukuma a Bajoga, inda dagatan ƙauyukan da abin ya shafa za su iya sa a karanta musu.